Wa Ya Saya wa Dakta Rilwanu Ambato?

Ranar Litinin da safe, tun ma'aikata ba su gama sauka daga motocin Kubwa ba, magana ta riga ta zagaye Cibiyar Nazarin Taurari da ke gindin duwatsun Ushafa, wai an kama Dakta Rilwanu Badaruddeen da maguɗi. Ba kuɗi ya ɗauka ba, ba kuma na'ura ya sayar ba. Ambato aka ce ya saya.

Wanda bai san aikin masana ba zai yi dariya, to amma a wannan gida ambato shi ne tuwo shi ne miya. Idan masani ya buga maƙala, wani masanin a wata ƙasa ya karanta ya dogara da ita, sai ya sa sunansa cikin manazartarsa. Wannan shi ne ambato ɗaya. Akwai rumbunan intanet da ba su da aikin fari ba su da na baƙi sai ƙirga waɗannan, su kuma ƙirga mutanen da ka yi aikin haɗin gwiwa da su. Da wannan ƙidaya ake auna mutum, da ita ake ƙarin girma, da ita ake ce maka zo ko a ce maka koma. Ko idonka ya tsiyaye a kallon sama, in ba a ambace ka ba, a wurinsu ba ka yi komai ba.

Dakta Rilwanu ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin wasu matattun taurari masu ƙiftawa. Aikinsa mai kyau ne, sai dai masu karanta shi ba su da yawa. Wata ƙungiyar masana ta ƙasashe da dama, masu wani katafaren faifan sauraron sararin sama, ta ware wa cibiyar kujera ɗaya. Bara ya nema, aka ce ƙidayarsa ba ta kai ba. Bana sai ƙidayar ta yi tsalle ta ninka, aka ba shi kujerar, aka yanka rago. Ba a gama sakace ba sai ga saƙo daga ƙungiyar: sun duba masu ambaton nasa, sun tarar da ɗaruruwan maƙaloli daga mujallun kiwon kaji da ciwon haƙori da haɗa siminti, kowace tana ambaton matattun taurari. Ko yaro ya san kaza ba ta da gami da tauraro. An biya 'yan damfara ne sun cusa sunansa.

Shugaban cibiyar, Farfesa Mato, ya aika aka kira Kubra Habibu, mai kula da ɗakin karatu. Ita ce ke haɗa ƙidayar kowa duk shekara, kuma ita ce da hannunta ta tura wa ƙungiyar wannan sabuwar ƙidaya, tana murna har da rangaɗa guɗa a ofis.

"Zauna, Kubra," in ji Farfesa. "Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Mutanen nan abu ɗaya suka ce: in an nuna musu ba da saninsa aka yi ba, za a share na bogin, a auna shi da aikinsa na gaskiya. In ba a nuna ba, za su cire shi, su sanar da duk mujallun duniya. Ni kuma dole in sallame shi."

"Ranka ya daɗe, Dakta ba zai yi wannan ba."

"Ba ni za ki gaya wa ba. Ke ake wa kirari da mai bin sawu. To ga sawu, ki bi."

Sunan ba a banza ya kama ta ba. Mahaifinta mai bin sawun shanun sata ne a wani ƙauye a ƙasar Katsina, tana ƙarama takan bi shi har bakin rafi. Ita ta yi boko, ta koma bin sawun takardu, duk maƙalar da ta ɓace wa masani ita ke tono ta. Amma wannan karon ba takarda ce ta ɓata ba. Mutumin da ya tsaya mata ta samu aikin nan, wanda ya zama waliyyinta ranar ɗaurin aurenta da mahaifinta ya rasu, shi ne wuƙa ke wuyansa.

Ta samu Dakta Rilwanu a ofis, ya cire hula ya ajiye a kan tebur, abin da ba ta taɓa gani ba. A waje ma'aikata sun yi cirko-cirko a baranda, kowa na kallon ƙofarsa ta gefen ido. Waɗanda suka ci naman ragon su suka fi kowa cewa dama sun yi zargi.

"'Yata," ya ce, "ke ma tambayata za ki yi ko na yi?"

"Dole in tambaya, Dakta."

"Wallahi tallahi ban yi ba. Da na ga ƙidayar tana hawa, na ɗauka Allah ne ya dube ni. Na yi sujada. Kin ji wauta? Ban buɗe na ga su wa ke ambatona ba, don ina tsoron kada in buɗe abin ya tsaya."

"Wa kake ganin zai so ka faɗi?"

Ya murza goshi. "Ba na son in ɗauki alhakin kowa."

Bai faɗa ba, amma duk cibiyar ta faɗa masa. In Dakta Rilwanu ya faɗi, kujerar Dakta Maliki za ta koma, abokin aikinsa mai ƙarancin shekaru da yawan baki. Kuma an ga Dakta Maliki yana yawan shiga ɗakin Nathan, mai kula da kwamfutocin cibiyar, suna rufe ƙofa.

Ta fara da Nathan. Ɗan kudancin Kaduna ne, Hausarsa ta Abuja ce, rabi Turanci. Yana ganinta ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, Kubra ta lura da wannan ta ajiye.

"Madam Kubra, wallahi ni ban taɓa system na Oga ba. Kowa yana duba ni kamar ni ne ɓarawo."

"Me Dakta Maliki ke yi a ɗakinka kuna rufe ƙofa?"

Ya sosa ƙeya. "Abeg, kar ki gaya wa Farfesa. Ball muke kallo. Network na ofis ya fi na gida ƙarfi."

Ta so ta yi dariya, amma dariyar ta ƙi zuwa. Ta sa ya buɗe mata duk abin da ya fita daga kwamfutocin cibiyar. Ba wata alama. Sai ya nuna mata wani abu dabam, saƙonnin talla da ke shigowa akwatin kowane masani kullum, masu cewa a tuntuɓe su a waya za su sa duniya ta ambace ka.

"Mutanen nan ba ya karanta paper ma," in ji Nathan. "Ka ba shi suna, ya nemo title, wato taken maƙalar mutum, ya zuba a ƙasan kowane shirme. Rumbu kuma title yake gani, ya ƙirga kawai. Kowa da phone zai iya yi, Madam. Ko mai gadi sef."

Sawun da take bi ya shiga kasuwa ke nan.

Ta koma ɗakin karatu ta rufe kanta. Ta tuna mahaifinta yakan ce kada ka kalli inda sawu ya nufa tukuna, ka durƙusa ka kalli sawun kansa. Sai ta daina tambayar wa zai amfana, ta shiga buɗe maƙalolin bogin ɗaya bayan ɗaya, tana karanta layin da aka sa sunan Dakta. Ta tsallake azahar sai da la'asar ta kusa, ta yi salla a gurguje ta dawo. Idonta ya yi ja kafin ta ga abin, kuma da ta gan shi sai ta yi mamakin yadda ya ɓuya mata tun farko.

Duk maƙalar gaskiya da ta ambace shi takan rubuta Badaruddeen, R., wato Rilwanu. Na bogin kuwa, daga ta farko har ta ƙarshe, Badaruddeen, M. suka rubuta. Ba R ko ɗaya.

M. Maliki.

Ta ce a ranta, wataƙila garin cike wa 'yan damfarar bayani ya sa sunansa a gurbin da bai dace ba, suka cakuɗa. Ba ta tsaya ta yi shawara da kowa ba, ta tare shi a wurin ajiye motoci yana shirin tafiya.

Dakta Maliki ya saurare ta har ta gama, sannan ya jefa makullin mota a aljihu.

"Malama Kubra, ina ganin girmanki, amma yau kin zage ni. Je ki buɗe wannan rumbun naki ki duba hoton haɗin gwiwata, mai zare-zaren nan. Duk zaren da ya fita daga sunana zuwa ƙasar waje, ta kan sunan Dakta Rilwanu ya bi. Rabin maƙalolina tare muka rubuta. In aka ce shi ɗan maguɗi ne, wa zai ƙara ambaton maƙalar da sunansa ke kai? Ni ma na mutu ke nan. Wane mahaukaci ne zai sare reshen da yake zaune a kai?"

"Amma kujerar..."

"Kujerar ina so, ban ɓoye wa kowa ba. Na gaya masa a idonsa. Amma kin taɓa jin an ba wa abokin ɓarawo ajiya? In suka cire shi, cibiyar gaba ɗaya za su rufe wa ƙofa."

Ta koma ta buɗe hoton. Gaskiya ya faɗa. Sunan Dakta Rilwanu na tsakiya, zaruruwa sun fita daga gare shi zuwa masana a ƙasashe daban-daban, kuma kusan duk matasan cibiyar a jikinsa suke rataye. A nan ta gane ba mutum ɗaya zai faɗi ranar Alhamis ba. Ta kifa kai a tebur ta yi kuka, kukan wanda ya bi sawu yini guda ya tarar nasa ne yake bi.

Ranar Laraba da safe ba ta da komai a hannu sai harafi ɗaya. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ta karɓi lambar 'yan damfarar a wurin Nathan, ta yanke shawarar ta yi kamar mai saye, ko za su yi suɓutar baki su faɗi wanda ya yi ciniki da su daga Abuja. Ta rubuta musu da Turanci cewa sunanta Malama Kubra Habibu, tana son a ambaci aikinta. Haka take gabatar da kanta ko'ina, hannunta ne kawai ya rubuta.

Amsa ta zo nan take, da ladabi kamar na mai tallan magani. Suna maraba da Dakta M. K. Habibu.

Ta ƙura wa wayar ido. Mutanen nan na can wata uwa duniya, ba su san Malama laƙabi ba ne. Sun ɗauka sunanta ne na yanka. Ashe M ɗin ba Maliki ba ne, Malam ne. Wanda ya yi cinikin ya rubuta musu Malam Badaruddeen, ya tsallake Rilwanu gaba ɗaya.

To wa ke ce masa Malam? A cibiyar kowa Dakta yake ce masa, Nathan da direbobi su ce Oga. Kuma maƙiyin da ke son ya kayar da mutum ai cikakken sunansa zai bayar, don kada kibiya ta kuskure. Wanda ya tsallake sunan, ko bai san shi ba ne, ko kuwa ya san shi amma bakinsa ba ya iya faɗa. Tana kaiwa nan a tunani sai ta kife wayar a kan tebur. Ta yi ta roƙon Allah ya sa ta yi kuskure, ita da ta kwana biyu tana roƙon ya sa ta gano.

Dakta bai zo aiki ba ranar, hawan jini ya kwantar da shi. Ta hau mota zuwa Kubwa.

Gidan na bayan kasuwa, da shagon atamfa a gaba, na matarsa Hajiya Hussaina. Mace ce mai fara'a da son mutane, 'yar kasuwar Zariya gaba da baya. Ta yi sakandare, tana karanta Turanci daidai na ciniki. Maƙwabta har yau wasu na zuwa a ɓoye su roƙe ta mijinta ya duba musu tauraronsu, ita ce ke korarsu da cewa shi ba boka ba ne.

"Maraba da 'yar gida! Shigo, shigo. Malam na ciki, ya samu barci, kada mu tashe shi."

Kubra ta zauna a kan benci cikin shagon. An kawo mata kunun aya mai sanyi, ta riƙe kofin ba ta sha ba. Wayar da ke hannun Hajiya ta yi ƙara, ta duba ta tsaki.

"Tsohuwar wayar Malam ce ya bar mini. Saƙonninsa na aiki sai shigowa suke, sun hana ni ganin na masu sayen kaya." Ta matso ta rage murya. "'Yar nan, ki gaya mini gaskiya, me ke faruwa a wurin aikin? Ya ƙi faɗa mini. Sai ya ce ba komai, alhali ba ya ci ba ya sha. Ni na ɗauka bana an huta. Bara kullum kukansa ba a ambatonsa, ba a ambatonsa, har cikin barci. To bana ba an ambace shi ba? Ko bai isa ba ne, a ƙara?"

Kubra ta ajiye kofin. A ƙara. Ta dubi fuskar matar nan da ta yi mata gara ranar bikinta, ba ta ga komai a ciki ba sai damuwar miji. Ta buɗe baki za ta faɗa mata, sai ta fasa. In ta faɗa a nan, Dakta zai ji, kuma ta san shi sarai, zai sa a share wayar ya ɗauki laifin ya mutu da shi. In ta yi shiru, gobe a sallame shi. Gaba kura, baya sayaki.

"Mama," ta ce da ƙyar, "gobe akwai zama a ofis. Jikinsa ba ƙwari. Ki rako shi don Allah, ki riƙe masa magani. Ki taho da wayar nan, ko zan neme ki."

A motar komawa ta yi ta jin kanta kamar maciyar amana, kuma ba ta samu wata hanyar ba har ta sauka.

Ranar Alhamis aka taru a ɗakin taro. Farfesa Mato na zaune a gaba da sauran 'yan kwamiti a gefensa. Dakta Rilwanu ya rame cikin babbar riga. Dakta Maliki ya harɗe hannu, Nathan na ta goge gumi. Hajiya Hussaina ta samu kujera a bakin ƙofa, jakar magani a cinyarta, tana ta yi wa kowa sannu da aiki.

Kubra ta miƙe. Ta fara da wanke Nathan, ta ce ba abin da ya fita daga kwamfutocin cibiyar. Ta juya ta ba Dakta Maliki haƙuri a gaban kowa. Sannan ta haska maƙalolin bogin a bango, ta nuna musu harafin M, ta nuna musu amsar da 'yan damfarar suka ba ta.

"Wanda ya yi cinikin nan," ta ce, "Malam Badaruddeen ya rubuta musu. Ranka ya daɗe, ina roƙon a bar ni in yi wa kowa tambaya ɗaya. Kowa ya faɗi cikakken sunan wanda ake tuhuma."

Farfesa ya ɗaga gira, amma ya yarda. Dakta Maliki ya ce, "Dakta Rilwanu Badaruddeen," yana hararta. Nathan ya ce, "Oga Rilwanu Badaruddeen." 'Yan kwamiti ma suka faɗa, har Farfesa.

Kubra ta juya bakin ƙofa. Ba ta iya haɗa ido da Hajiya ba.

"Mama, ke ma ki faɗa."

Hajiya ta yi murmushi, ta ɗauka wasa ne. "Malam Badaruddeen mana."

"Sunansa na yanka, Mama."

"Haba 'yar nan!" Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "A gaban mutane? Ni ko a bayan mutane ban taɓa ba. Ko takardar asibiti ce, yara nake ba su rubuta. Ke ba Bahaushiya ba ce?"

Duk Bahaushen da ke wurin ya san macen da aka yi wa tarbiyya irin ta da, ba ta kama sunan miji, alkunya ce, ba wanda ya taɓa ganin aibunta. Dakta Rilwanu ya dubi matarsa, ya dubi wayar da ke hannunta, sai Kubra ta ga ya gane. Ya dafa tebur ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a tsaya haka. Ni na yi. Ni na saya. A rubuta."

"Ka sayi me, Malam?" in ji Hajiya. Ba wanda ya amsa mata. Ta juya wurin Kubra. "Me ya saya?"

Kubra ta durƙusa a gabanta, hawaye na zuba, ta yi mata bayani a hankali: cewa ambaton da aka yi masa bana na ƙarya ne, biya aka yi, cewa a wurin masana wannan ya fi sata muni, kuma saboda shi za a kore shi daga aiki a ɓata sunansa a duniya.

Hajiya ta saki mayafin. Ta dubi mijinta, amma da ta fara magana, da Farfesa take yi.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Saƙo ya shigo wayar nan, suka ce za su sa a ambace shi a ƙasashe. Na ce alhamdulillahi, ashe su ma Turawa suna da maroƙa. Mu a wurinmu in ana biki, mace takan kira maroƙi ta ba shi abin hannunta, ta ce ambaci maigidana. Ya wasa shi, jama'a su ji, kowa ya ce madalla. Wa ya taɓa cewa laifi ne? Mutumin nan na gani yana narkewa a gabana don ba a ambatonsa. Ni bakina ba ya iya kiran sunansa. Shi ya sa na biya waɗanda za su kira mini."

Nathan ya sunkuyar da kai. Dakta Maliki, mai yawan bakin nan, ya cire tabarau yana goge ido. Wani dattijo cikin 'yan kwamiti ya ce a hankali, garin neman gira an rasa ido.

"Ba ta san abin da take faɗa ba," in ji Dakta Rilwanu. "Wayata ce, akwatina ne. Ba za a ɗauki sunan iyalina a aika ƙasashen duniya a ce 'yar damfara ce ba. Ina raye ba za a yi wannan ba. Na ce ni ne."

"Dakta," in ji Farfesa Mato, "ka yi wa Allah ka yi tunani. Saƙonnin da ke cikin wayar nan su kaɗai za su wanke ka. Amma in ka sake cewa kai ne, a gaban kwamiti, dole in rubuta, kuma in na rubuta ba mai goge shi. Aikinka na shekaru, da na yaran nan da ke bayanka, duk sun tafi."

"Dakta, don girman Allah," in ji Kubra, tana durƙushe har yanzu.

Bai dube ta ba. Ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya buɗe baki.

"Rilwanu."

Ba da ƙarfi Hajiya ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Sunan ya fito mata a karkace, kamar na baƙon harshe. Dakta ya juyo a hankali, bakinsa a buɗe, yana kallon matar da suka tsufa tare.

"Rilwanu, zauna," ta ce.

Ya zauna.

Ta taso da kanta, ta wuce Kubra, ta ajiye wayar a gaban Farfesa. Ba ta mayar da mayafin fuskarta ba.

"Komai na ciki, ban share ko ɗaya ba. Ku rubuta nawa sunan, Hussaina. Nasa kuma ku bar masa shi yadda kuka same shi."

Farfesa Mato ya jawo takarda gabansa, ya cire murfin biro, ya tambaye ta da S ɗaya ake rubutawa ko biyu.